Ƙurar hunturu da jirgin roba: yadda wani mai gyaran waya a Kano ya yi fenti sau uku kafin Alpha Jet ɗinsa ya fito

## Asalin lamarin

Mutumin da zan ba da labarinsa maƙwabcina ne, gyaran waya yake yi a nan Kano, shekarunsa sun ɗan haura 35. Ba zan kama sunansa ba, amma ya yarda in rubuta abin da ya faru, kuma yawancin awon da za ku gani a nan daga littafin da yake rubuta bashin kwastomomi na kwafo su, don a bayan littafin yake rubuta duk abin da ya gwada da ranar da ya gwada shi.

A New Bussa ya taso, babansa ya yi aiki a wajen dam ɗin Kainji, to duk wanda ya zauna a can ya san sansanin sojan saman da ke kusa kuma ya san ƙarar Alpha Jet. Jirgi ne ƙarami mai kujera biyu gaba da baya da inji biyu, kamfanin Dassault na Faransa da Dornier na Jamus suka haɗa hannu suka ƙera shi, ya fara tashi a 1973, Najeriya ta saye shi a farkon shekarun 1980, shi ya yi aikin ECOMOG a Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, daga baya aka kai shi yaƙin arewa maso gabas. Ya ce min suna yara in jirgin ya sauko ƙasa-ƙasa sai su bar ƙwallo a fili su bi shi da ido har ya ɓace, babansa kuma daga ƙarar kawai yake ce musu yau biyu ne suka tashi ko ɗaya.

Wani ɗan'uwansa da ya dawo daga waje ne ya kawo masa kit ɗin Alpha Jet, wato ƙaramin jirgin roba da mutum ke haɗawa ya yi masa fenti da kansa, kwali ɗan ƙarami, sikeli 1/72. Ma'anar lambar ita ce komai na jirgin an rage shi sau 72, faɗin fukafukan na gaske mita 9.11 ne, na cikin kwalin kuwa in an haɗa santimita 12 da rabi da ɗan ɗoriya, a tafin hannu yake zama. Guntayen roba ne masu ruwan toka wajen 60 maƙale a firam, da murfin gilashi na wajen matuƙa, da takardar tambari irin wadda ake jiƙawa a ruwa, sai dai tambarin duka na sojan Faransa ne. Shi kuma abin da yake so daban, so yake ya yi shi da kalar Najeriya irin wadda ya gani yana yaro, kore mai duhu da ruwan ƙasa a sama, ciki mai haske, da da'irar kore-fari-kore a jiki. Bai taɓa haɗa kit ba, bai taɓa riƙe abin feshi ba. Abin da yake da shi hannu ne da ya saba da ƙananan abubuwa, da hantsaki, da kata, da fitila mai gilashin ƙara girma.

## Ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba: haɗi

Wannan ɓangaren bai ba shi wahala sosai ba, kwana 18 ya ɗauka yana yi da daddare bayan isha, awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Da katar da yake yanke waya yake cire guntayen daga firam, ya bi wurin yankan da reza, sai sanfefa mai lamba 600, ita sanfefa iya girman lambarta iya laushinta. Kafin ya sa gam a komai sai ya haɗa a bushe ya gani tukuna, wannan ɗabi'a ce daga sana'arsa, ba ya rufe waya sai ya tabbatar sikirin ya zauna.

Wani abu da ya yi daidai tun farko shi ne nauyin hanci. Jirgin mai taya a gaba ne, kuma in aka haɗa irinsa da roba bayansa ya fi nauyi, sai ya zauna a kan jela hanci na kallon sama. Ya naɗe gangar jikin da tef, ya maƙala fukafukai da jela, ya ɗora shi a kan fensir daidai inda tayoyin baya za su tsaya, ya riƙa ƙara guntun dalma a hanci har ya rinjaya gaba. Giram 6 ya ci. Dalmar daga wajen masu balansin taya ya samo ta, ya sare ta ƙanana, ya cusa a hanci da ƙarƙashin kujerar gaba, ragowar kuma ya kulle a durowa saboda yara, dalma guba ce in yaro ya sa a baki.

Inda ya fara tuntuɓe shi ne gam. Da sufa-gulu ya haɗa komai saboda ita ce a teburinsa. A gangar jiki ta riƙe, illa dai ta bushe ta fi robar tauri, in ya zo goge layin haɗin sai sanfefa ta ci robar ta bar gam ɗin a tsaye kamar jijiya. Ranar 12 ga Disamba ya manna murfin gilashin da ita, da safe ya tashi ya tarar da cikin gilashin ya yi fari dishi-dishi kamar an hura masa gari, har da shatin ɗan yatsansa a jiki. Tururin gam ɗin ne, in ya rasa hanyar fita sai ya kwanta a kan gilashi, musamman inda maiƙon hannu ya taɓa. Ya ɓamɓare murfin da bakin reza a hankali, ya goge cikinsa da sanfefa 2000 da ruwa, ya bi da man goge baki da auduga wajen minti 40 har ya dawo yana ganin kujerun ta ciki. Bai mayar da shi ba sai daga baya, kuma da farin gam na kafintoci ya mayar, wanda ba ya tururi kuma in ya bushe ba a ganinsa. Sauran haɗin kuwa sai da aka aiko masa da gam ɗin roba na ainihi, mai kama da ruwa, wanda ba mannawa yake ba, narkar da bakin robar yake kaɗan su zama abu ɗaya.

Akwai tsaga wajen rabin milimita a inda fiffike ya haɗu da jiki da kuma gefen bakin shan iska, ya cike da ɗan fila irin ta masu gyaran jikin mota, ya goge.

## 20 ga Disamba: fenti na farko, gwangwani

A Sabon Gari ya sayi gwangwanin feshi mai ruwan toka, irin wanda ake fesa wa ƙofar ƙarfe da keke. Da rana tsaka ya fita tsakar gida, ya kifa jirgin a kan kwali, ya fesa wa cikinsa kai tsaye a kan roba ba tare da wani shimfiɗi a ƙasa ba, kuma ya danna sosai don yana so ya rufe a tashi ɗaya.

Minti biyar ba a yi ba ƙarƙashin fiffiken hagu ya yamushe. Na gani da idona da yamma, fuskar robar ta yi ƙananan tsage-tsage kamar ƙasar fadama in ta bushe, in ka danna da farce sai ka ji ta yi laushi. Siraran layukan da ke nuna mahaɗar ƙarafan jirgin duk sun cike sun ɓace. Tinar da ke cikin irin wannan gwangwanin, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, mai zafi ce, don ƙarfe aka yi ta, ita kuma robar kit irin wadda tina ke narkarwa ce, da ya fesa da kauri sai ta samu lokacin zama ta ci.

Bai taɓa shi ba sai bayan kwana 5 da robar ta sake yin tauri. Daga nan sanfefa 400 da ruwa, sai 600, sai 1000, dare uku yana kai. Layukan da suka ɓace ya sake zana su da allurar ɗinki da ya ɗaure a jikin biro, yana bin gefen tef don kar hannu ya kauce, sau biyu ya kauce duk da haka. Allah ya taimake shi saman jirgin bai samu feshin ba.

## 4 zuwa 9 ga Janairu: fenti na biyu, eyaburosh

Bayan wannan ya yanke cewa matsalar kayan aiki ce, don haka ya sa kuɗi. Ya yi odar fentin akirilik na masu wannan sana'a, ƙananan kwalabe masu mililita 10, kala huɗu, da faraima, wato shimfiɗin da ake fara fesawa don fenti ya kama. Ya kuma sayi eyaburosh, wato ƙaramar bindigar feshi, mai caji irin wadda masu aski ke fesa baƙi da ita a gefen kai, bakinta milimita 0.3, ƙarfin iskarta guda ne ba a ragewa ba a ƙarawa. Tinar fentin ce bai saya ba saboda ya karanta a jiki cewa ana iya tsinka shi da sifirit, shi kuma yana da galan guda na wanda yake wanke bod ɗin waya da shi.

Ya haɗa fenti kashi ɗaya sifirit kashi ɗaya. Kafin ya fesa sai ya goge jirgin tas da ƙyallen da yake goge sikirin, busasshe, ya goge ya sake gogewa don kar a ce akwai ƙura. Faraimar ya tsallake ta a wasu wurare don yana ganin kamar ɓata lokaci ne. Ƙarfe 3 na rana, a baranda, tazarar hannunsa da jirgin wajen santimita 20 saboda tsoron abin da ya faru da gwangwani.

Wannan karon roba ba ta narke ba. Amma fentin ya sauka da kaushi, in ka shafa sai ka ji kamar sanfefa, a kusurwar da fiffike ya haɗu da jiki ma har gari-gari yake yi yana bin yatsa. Duk bayan minti biyu bakin bindigar ya toshe sai ya tsaya ya goge allura, in ya ci gaba sai ta tofo ɗigo. Sannan ƙura. Ƙarƙashin gilashin ƙara girma mun ƙirga gashin zare da ƙwayoyin ƙura 14 a fiffike ɗaya, sun nutse cikin fentin ba a saman suke ba.

Ya ce ko kaurin fentin ne, ya ƙara sifirit ya koma ɗaya da biyu, kaushin ya ƙaru. Ya ce ko bindigar ce ta jabu, ya ari ta wani mai aski ya gwada, duk ɗaya. Duk da haka ya daure ya ci gaba, ya sa tef don ya raba kore da ruwan ƙasa, da ya zo cire tef ɗin ranar 9 ga wata sai ya taso da fentin ƙasa, faci kamar girman farce, daidai wuraren da ba faraima. Ranar na same shi ya mayar da komai kwali ya ɗora a saman wardirof. Matarsa ta ce da ni, "Yaya, ka yi masa magana, tun jiya ko abinci bai ci na kirki ba a kan abin nan."

Abu ɗaya mai sauƙi a nan, akirilik irin wannan sifirit na wanke shi, da auduga da tsohon burushin haƙori ya cire shi duka cikin awa biyu ba tare da robar ta ji komai ba.

## Tsakiyar Janairu zuwa ƙarshensa: gwaji a kan cokali

Ba ni na ba shi shawarar da ta yi aiki ba. Akwai wani dattijo mai fentin mota da ya kawo masa waya gyara, suna hira ya nuna masa hotunan. Dattijon bai ma tsaya kallon hoton da kyau ba ya ce, "Yaro, ƙarfe nawa ka fesa?" Ya ce uku na rana. "A waje?" Ya ce a baranda. Sai ya ce, "To ai fentinka tun a iska ya bushe, gari ka zuba wa abin. Mu a hunturu da sassafe muke feshi, kuma sai mun jiƙa ƙasa." Maƙwabcin nawa ya ce, "Baba, ai wannan ba fentin mota ba ne." Ya ce, "Iskar dai ɗaya ce."

Daga nan ya daina taɓa jirgin kwata-kwata. Ya sayi ledar cokulan roba irin na biki, bayan cokali santsi ne da lanƙwasa kamar jikin jirgi, ya riƙa fesa musu yana rubuta lamba a mariƙin, kuma abu ɗaya kawai yake canzawa a kowane gwaji. Cokali 22 ya ɓata cikin mako biyu. Yana da ɗan agogon tebur mai nuna zafi da laimar iska, sai ya fara kula da shi, da rana a baranda laimar ƙasa da kashi 20 take nunawa, wani lokacin ma sai ta ƙi nuna lamba.

Gwajin tazara ya fara yi. A santimita 20 kaushi, a 12 ya ragu, a 8 fentin ya sauka a jiƙe yana ɗan ƙyalli na daƙiƙa biyu ko uku kafin ya bushe, wannan ƙyallin shi ne alamar da ya koyi nema. Ƙasa da 5 kuwa iskar tana tura fentin ya yi ƙafafu kamar gizo-gizo.

Sai tina. Sifirit zalla saurin tashi gare shi, to a iskar da ba laima ɗigon fentin da bai kai ƙwayar gero ba kafin ya yi tafiyar santimita 20 ya riga ya bushe. Ya raba shi biyu da ruwan batir, wato tataccen ruwan nan, ba asid ba, sai ya ɗiga gilisarin irin wanda mata ke haɗawa da man shafawa a hunturu. Ɗigo ɗaya a mililita 10 na haɗin, da sirinji yake auna. Ya yi kyau, toshewar baki ta ragu sosai. Da ya ga haka sai ya gwada ɗigo uku, cokali mai lamba 15 kenan, kwana huɗu yana danƙo, in ka taɓa sai shatin yatsa ya fito. Ya koma ɗigo ɗaya.

Maganar ƙura ita ta fi ba shi mamaki. Ya goga cokali da busasshen ƙyallen nan nasa, ya kai shi kusa da yagaggiyar takarda, sai takardar ta yi tsalle ta manne kamar maganaɗisu, irin wasan da muke yi da biro a firamare. Ashe gogewar da yake yi don ya kori ƙura ita ke caja robar ta jawo ta, kuma a busasshiyar iska cajin ba ya saurin sauka. Cokalin da ya wanke da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke ya bar shi ya bushe da kansa a ƙarƙashin roba, bai ja komai ba.

Wurin feshi ya koma banɗakin ɗakin baƙi. Bayan sallar asuba sai ya watsa ruwa a ƙasa da bango, ya rataya jiƙaƙƙen tawul a taga a buɗe, ya jira minti 15 ƙurar da ke yawo ta kwanta. Agogon a nan yana nuna wajen kashi 40. Kwana biyun farko ba ya rufe hanci, ya kwana da ciwon kai da kaikayin maƙogwaro, daga nan ya sayi abin rufe hanci mai matata irin na masu fenti, kuma ba ya wuce minti 20 a ciki. Ni wannan na fi matsa masa a kai, don ɗaki ƙarami ne kuma hayaƙin sifirit ba abin shaƙa ba ne, ga shi yana kama wuta.

## 2 zuwa 20 ga Fabrairu: fenti na uku

Ya wanke jirgin da sabulu, ya soka tsinken tsire a ramin injin baya don ya samu mariƙi, daga nan hannunsa bai sake taɓa jikin ba. Faraima shafi biyu sirara, tsakaninsu minti 10, sai ya kife shi da robar abinci mai murfi ya bar shi awa 48. Faraimar ta tona wurare biyu da layin haɗi bai ɓace ba a bayan kujeru, ya goge ya sake fesawa, kwana biyu suka ƙaru.

Da'irar Najeriya ya fara yi kafin kalar jiki, tunda ba shi da ita a takarda. Wajen masu aikin fata ya je ya ari abin huda mai baki daban-daban, ya yanko tef zagaye milimita 6, da 4, da 2. Ya fesa fari a wurin, ya bushe, ya ɗora zoben tef mai faɗin 4 da rami 2 a tsakiya, ya fesa kore, ya bushe, ya rufe duka da mai 6. In an gama komai an cire sai ka ga kore a waje, fari, kore a tsakiya. Daidaita ramin a tsakiyar zoben ne aikin, ya yanka sun fi 30 kafin ya zaɓi waɗanda suka yi. Tutar jela ita da sauƙi, layi uku ne.

Sai ciki mai haske, awa 24, sai ruwan ƙasa a sama duka, awa 24, sai ya yanka tef a kan gilashi da siffar facin da ya gani a hotuna, kuma kafin ya manna kowanne sai ya fara manna shi a bayan hannunsa sau biyu don ƙarfin gam ɗin ya ragu. Kore shafi uku sirara, yana fesawa daga kan tef zuwa waje don kar fenti ya shiga ƙarƙashi. Tef ɗin bai bari ya kwana ba, bayan awa ɗaya ya cire, yana ja a kwance a hankali. Babu inda ya taso. Wuri ɗaya kore ya ɗan zarce a gefen jela, ya gyara da burushi mai tsini.

Ƙura ba ta ɓace gaba ɗaya ba, mun ƙirga uku a jirgin duka, biyu sun fita da sanfefa 2000.

## Ƙarshen Fabrairu zuwa 8 ga Maris: tambari da rufewa

A nan ya ƙara yin kuskure ɗaya. Ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi da jan alwatika na kujerar tsira da ke takardar kit ɗin sun yi daidai da abin da yake so, sai ya jiƙa biyu ya ɗora kai tsaye a kan fentin. Da suka bushe gefensu ya yi fari-fari kamar azurfa, iska ce ta maƙale tsakanin ledar tambarin da fuskar fenti marar sheƙi. Ya tsattsaga su da bakin allura ya ɗiga kiliya mai sheƙi, wato fenti marar kala da ake rufe aiki da shi, ta shiga ƙarƙashi, ɗaya ya gyaru ɗaya ya yage. Daga nan ya fesa wa jirgin duka kiliya mai sheƙi, ya jira awa 48, sauran tambarin ya jiƙa su a ruwan ɗumi daƙiƙa 15 kowanne, ya zame su da burushi, ya danne da auduga daga tsakiya zuwa gefe. Duk suka kwanta kamar fenti.

Lambar jirgin, NAF, wato sunan sojan saman Najeriya a taƙaice, da lamba uku, a shagon kwamfuta aka buga masa da firinta mai hoda a kan takardar tambari marar kala. Layukan jiki ya bi su da fentin mai baƙi-baƙi da aka tsinka sosai, ya goge saura, sai kiliya marar sheƙi a kai, sai tayoyi, sai ya cire tef ɗin gilashi a ƙarshe. Ranar 8 ga Maris ya ajiye shi a tebur, ya tsaya a kan tayoyinsa uku hanci a ƙasa. Daga buɗe kwali zuwa nan mako 15.

## Abin da nake gani

A ganina fenti na farko kuskuren kaya ne tsantsa, wannan ko a wane gari aka yi haka zai faru, kuma da ya gwada a kan guntun firam ɗin da ya zubar da minti biyar sun ishe shi ya gani. Na biyun ne ya fi damuna, don a nan kayan duk masu kyau ne, fentin daidai, bindigar ba laifinta, hannunsa ma ba ya rawa, amma ya kusa jefar da aikin yana zargin kansa da kayansa alhali iskar Janairu ta Kano ce ke busar masa da fenti a hanya kuma ƙyallensa ke kira masa ƙura. Bayanin da ke jikin kwalaben nan da yawancin abin da ya kalla a YouTube mutanen ƙasashe masu laima ne suka yi su, babu wanda ya faɗa masa abin da zai yi in laima ta faɗi ƙasa da 20, wanda ya faɗa masa mutum ne da ya shekara da shekaru yana fesa mota a cikin wannan iskar.

Abin da ya yi aiki ba abu ɗaya ba ne, matso da hannu zuwa santimita 8, ruwa da ɗigon gilisarin a tina, asuba da jiƙaƙƙen ɗaki, wanki maimakon guga, da faraima ko'ina. Amma ban jin zai gano su ba in da a kan jirgin ya ci gaba da gwadawa, don a kan jirgin tsoro yake sa shi ya canza abu uku a tashi ɗaya sannan ya rasa wanne ya taimaka. Cokali ba ya ba da tsoro. Ban yarda da shi ba dai a kan gilisarin, shi yana ganin ya samu sirri, ni ina ganin da ya sayi tinar da aka yi don fentin tun farko da kusan rabin wahalar nan bai sha ba, don ita an riga an sa mata abin rage saurin bushewa, kuma kuɗinta bai kai na fentin da ya wanke ya zubar ba.

Jirgin bai fito ba aibu ba. Lambar da ke jikinsa ta ɗan fi yadda ya kamata girma, da'irar fiffiken dama ɗigon tsakiyarta ya ɗan karkace, kuma in ka juya shi ka kalli ƙarƙashin fiffiken hagu a hasken rana za ka ga tabon gwangwanin nan yana nan. Yanzu yana cikin gilashin shagonsa a saman layin wayoyi, nesa da inda rana ke bugowa don kar zafin Afrilu ya lanƙwasa shi. Ya riga ya yi odar kit na biyu, jirgin L-39 irin waɗanda ke shawagi a saman Kano, kuma da alama sai cikin damina zai iso, lokacin da laima za ta yi yawa kiliya ta riƙa yin fari, ya ce min ya ajiye ragowar cokulan.